Yadda Nake Ɗaure Lambobi da Salo a Word, Don Kada Su Watse Ranar Bugu

Shagona na buga takardu yana Tudun Wada, ba nisa da Kasuwar Barci. Kwamfuta uku ne, firinta biyu, injin hoto ɗaya mai cin takarda duk lokacin da hunturu ya shigo, sai janareta a bakin ƙofa. Aikin da ya fi zuwa mana bai wuce furojet na ɗalibai ba, da takardun jarrabawa na makarantun unguwa, da yarjejeniyar haya, da kundin tsarin mulkin ƙungiyoyi. In ka lura, dukkansu lamba ce ke riƙe da su: 1.1, 1.2, tambaya ta 3(b), sashe na 14(2).

Abin da zan faɗa a nan da kuɗina na koye shi. Farkon buɗe shagon, wani dattijo, sakataren wata ƙungiyar 'yan kasuwa, ya kawo min kundin tsarin mulkinsu a rubuce da biro. Sashe talatin da wani abu, kowanne da ƙananan sassa a ƙarƙashinsa. Na zauna na buga, kowace lamba da yatsana. Ana jajibirin taronsu, bayan sallar Isha, ina shirin rufe shago, sai ga shi a kan babur.

"Ɗana, abu kaɗan ne. Kwamiti ya ce a saka sashe guda a kan tarar makara, tsakanin na shida da na bakwai."

"Baba, ai wannan ba kaɗan ba ne."

"Layi huɗu ne fa."

A wurinsa layi huɗu ne. A wurina kuwa, bakwai za ta koma takwas, takwas ta koma tara, har ƙarshen kundin. Na yi hakan, na gama kafin man janareta ya ƙare, na buga kwafi sittin, na tafi gida ina ganin na yi bajinta. Abin da na manta shi ne lambobin da ke cikin jimloli. Wurin da aka ce za a kori mamba "kamar yadda sashe na 12 ya tanada", sashe na 12 ya riga ya zama na gudummawar rasuwa. Rana tsaka dattijon ya dawo da takardun a leda, bai ɗaga murya ba, ya dai ajiye min su a kan tebur. Ni na biya takarda, ni na biya tawada.

Sunayen maɓallai zan rubuta su da Turanci yadda suke a fuskar kwamfuta, don haka za ka gan su. Duk Word daga na 2007 zuwa yau kusan wuri guda suke.

Lamba iri uku ce

Akwai wadda ka buga da hannu. Wannan Word bai san lamba ba ce, a wurinsa harafi ne kamar kowane harafi. Akwai wadda ka samu ta hanyar danna maɓallin *Numbering* da ke sama. Wannan tana ƙirga kanta, amma kowane jeri da nasa awon: na shafi na 4 ya shiga ciki da yawa, na shafi na 9 ya lafe a gefe, na shafi na 20 lambarsa ta yi kauri. Yawancin masu aikin bugu a nan suka tsaya, kuma shi ya sa za ka ji suna cewa lambar kwamfuta ba ta da tabbas, gara hannu. Ta ukun ita ce wadda aka ɗaure da salo.

Salo shi ne abin da Word ke kira *Style*. Ka ɗauke shi kamar awon da tela ya rubuta a littafinsa da sunanka. Sau ɗaya ya auna ka, daga nan yadi kawai kake aika masa. Sai dai wannan telan ya fi na kasuwa: ranar da ka canza awo a littafin, har rigunan da aka riga aka ɗinka za su bi sabon awon. Idan sakin layi ɗari biyu suna sanye da salo guda, gyara ɗaya ya ishe su.

In aka kawo maka fayil kana son sanin wace iri ce a ciki, danna maus a kan lambar. Idan sandar rubutu mai ƙiftawa ta shiga tsakanin lambar da ɗigonta, hannu ne ya buga. Idan kuwa lambobin jerin suka yi duhu gaba ɗaya, kwamfuta ce ke ƙirgawa.

Kafin komai, abu biyu nake sa duk yaron da ya zo koyon aiki ya yi. Na farko, ya danna Ctrl da Shift da 8 tare. Alamar ¶ za ta bayyana a ƙarshen kowane sakin layi, da ɗigo a kowace tazara, da kibiya a duk inda aka danna Tab. Ba sa fitowa a bugu. Sabon yaro yakan ce suna ɗaga masa hankali, bayan mako biyu kuma ba ya iya aiki sai da su. Na biyu, ya kashe karambanin Word na mayar da rubutu jeri da zarar an buga 1 da ɗigo. Hanyar ita ce *File*, *Options*, *Proofing*, *AutoCorrect Options*, shafin *AutoFormat As You Type*, a cire alamar da ke kan *Automatic numbered lists*. Jerin da Word ya ƙirƙira ta wannan hanyar irin na biyun nan ne, mai awon kansa.

Jeri mai hawa ɗaya

Wannan ba ya ɗaukar lokaci. Word yana da salo na musamman don shi, sunansa *List Number*, sai dai ba ya nuna shi a sama. Haskaka layukan da kake son jerawa, danna Ctrl da Shift da S, ƙaramar taga za ta fito, rubuta *List Number* ka danna Enter. Shi ke nan, 1, 2, 3 sun hau. In kana son canza nau'in rubutu, ko girmansa, ko tazarar da ke tsakanin layi da layi, a wannan tagar akwai *Modify*. A can za ka gyara, ba a kan shafi ba. A cikin *Modify* ɗin akwai wani ɗan akwati, *Automatically update*. Kada ka sa masa alama. In ka sa, duk ƙaramin abin da ka taɓa a layi guda zai bazu zuwa sauran, ka rasa daga ina ta faro.

Don ka ga amfanin abin da idonka, ajiye sandar rubutu a layi na 4, riƙe Alt da Shift, ka danna kibiyar sama. Layin zai haura, ya zama na 3, na 3 ya sauko ya zama na 4. Ranar da na nuna wa wata malamar firamare wannan, cewa ta yi, "Malam, ashe wahalar banza muke sha."

Jeri na biyu a cikin takardar zai so ya ci gaba daga inda na farko ya tsaya, wato ya fara da 6 ko 7. Danna maɓallin dama na maus a kan layinsa na farko, zaɓi *Restart at 1*. In akasin haka ne, ya koma 1 alhali ci gaba kake so, *Continue Numbering* yana nan a wurin. In wata lamba ce daban kake so ya fara da ita, *Set Numbering Value*.

Babi da rassansa: 1.1, 1.1.1

Nan aikin yake, kuma nan ya kamata ka natsu, domin minti goman da za ka kashe a nan shi zai hana ka kwana a shago lokacin da ɗalibai ke rububin kai furojet.

Fara da gyara salon kanun magana. *Heading 1* na kan babi ne, *Heading 2* na 1.1, *Heading 3* na 1.1.1. Yadda suke zuwa, shuɗaye ne, kuma da wani nau'in rubutu da malamai ba sa karɓa. Danna dama a kan kowanne, *Modify*, ka mayar da shi baƙi, Times New Roman, da girman da makarantar ta ce. Kan babi yawanci a tsakiya ake son sa. Kada ka taɓa maganar shigarsa daga gefe a nan, akwai inda za a yi wannan. Daga nan bi takardar kana sanya wa kanun riga: Ctrl da Alt da 1 na *Heading 1*, Ctrl da Alt da 2 na biyu, Ctrl da Alt da 3 na uku.

Yanzu koma kan *Heading 1* na farko a takardar ka ajiye sandar rubutu a cikinsa. Wannan ba ƙaramar magana ba ce. Duk ranar da za ka buɗe tagar da zan faɗa, ko yau ko bayan wata guda don gyara, daga wannan layin za ka buɗe ta. Wanda ya buɗe daga tsakiyar babi na uku yakan wayi gari da jeri biyu a takarda guda, kowanne yana ƙirga nasa.

A shafin *Home*, kusa da maɓallin *Numbering*, akwai *Multilevel List*. Buɗe shi. A cikin samfuran da ke ciki akwai wanda aka rubuta 1 *Heading 1*, 1.1 *Heading 2*, 1.1.1 *Heading 3* da rubutu mai haske. In sauri kake, wannan ya riga ya ɗaure kansa da salo, danna shi kawai. Ni dai na fi son in gina nawa, don in san abin da ke ciki. Sauka ƙasa ka zaɓi *Define New Multilevel List*, sannan ka danna *More* da ke kusurwar hagu ta ƙasa. Rabin tagar a ɓoye yake sai an danna shi, kuma abin da muke nema yana cikin rabin da aka ɓoye.

A hagu za ka ga matakai 1 zuwa 9. Danna 1. A dama akwai *Link level to style*, zaɓi *Heading 1*. Danna 2, ka ɗaure shi da *Heading 2*. Danna 3, *Heading 3*. Wannan ɗaurin shi ne gaba ɗayan sirrin. Daga yanzu, duk layin da ya sa rigar *Heading 2* zai karɓi lambarsa ba tare da ka roƙe shi ba.

Sai siffar lambar. Akwai akwati mai suna *Enter formatting for number*. Lambar da ke cikinsa tana da inuwa toka-toka a bayanta, kuma wannan inuwar ita ce alamar cewa lambar mai rai ce, tana ƙirgawa. In ka goge ta ka buga 1 da hannunka, kowane babi zai zama babi na 1. Na ga yaron da ya yi haka ya rantse kwamfutar ce ta kamu da cuta. Abin da aka yarda ka buga da hannu a akwatin shi ne abin da ba ya canzawa: ɗigo, baka, ko kalma kamar "Sashe na".

Don gina mataki na biyu daga tushe, share akwatin tas. Je *Include level number from*, zaɓi *Level 1*. Buga ɗigo. Je *Number style for this level*, zaɓi 1, 2, 3. Za ka ga 1.1, dukkansu da inuwa. A mataki na uku kuma *Level 1*, ɗigo, *Level 2*, ɗigo, sannan lambar matakin kansa. Duba dama ka tabbatar *Restart list after* yana da alama, a mataki na biyu yana nuna *Level 1*, a na uku yana nuna *Level 2*. Shi ne ke sa babi na biyu ya fara da 2.1 maimakon ya ɗora daga 2.8.

Ƙasan tagar na awo ne. *Aligned at* shi ne inda lambar za ta tsaya daga gefen shafi, *Text indent at* kuma inda rubutun zai fara. Ga furojet nakan bar lamba a sifili, rubutu a santimita 1.27, wato rabin inci, a mataki na biyu. Na uku nakan ƙara masa kaɗan saboda 2.10.3 ta fi 2.1 faɗi. *Follow number with* na bar shi a *Tab character*, ban da kan babi da ke tsakiya, wanda nake ba shi *Space* ko *Nothing*, in ba haka ba sai ya karkace ya bar tsakiyar. A nan ake awon jeri, ba da jan 'yan alamomin rula na saman shafi ba. Abin da ka ja da maus layi guda kawai ya gyara, sauran suna nan yadda suke.

Akwai wani wurin da ke kayar da mutane da yawa a garin nan. Malamai suna son CHAPTER ONE da kalma, amma rassan su zama 1.1. A mataki na farko, buga kalmar a gaban lambar, ka zaɓi *One, Two, Three* a matsayin siffar lamba, ka shiga *Font* da ke tagar ka sa *All caps*. Da ka duba mataki na biyu sai ka ga ya zama One.1, abin dariya. Maganinsa ɗan akwati ne a dama, *Legal style numbering*. Sa masa alama a mataki na biyu da na uku, nan take su koma 1.1 da 1.1.1. Haka ma in kan babin da lambar Romawa aka yi shi. Ɗaliban sashen Hausa kuwa, nakan shawarce su da BABI NA 1 da alƙalami in malaminsu ya yarda, shi ya fi zama lafiya.

Da ka danna *OK*, ladan farko yana shafin *References*. Danna *Table of Contents*, shafin ƙunshiya zai gina kansa, da lambobin kanu da na shafuka da ɗigogin da ke tsakani. Kafin in san wannan, ɗigogin nan ɗaya bayan ɗaya nake buga su, kuma ba su taɓa tsayawa a layi ɗaya ba. Haka nan *Navigation Pane* da ke ƙarƙashin *View* zai jera maka kanun duka a gefe. In malami ya ce a ɗauke 2.5 a kai gaban 2.2, ka ja shi da maus a can, ya tafi da duk rubutun da ke ƙarƙashinsa, lambobi su gyara kansu.

Takardar jarrabawa da kundin ƙungiya

Waɗannan ba sa buƙatar *Heading*. Nakan ƙirƙiri salo nawa da sunayen Hausa, don yaran shago su gane. Ctrl da Alt da Shift da S yana buɗe jerin salo a gefe, a ƙasansa akwai maɓallin *New Style*. Na yi guda uku: Tambaya, Reshe, Ƙaramin Reshe. Sannan na koma waccan tagar ta *Define New Multilevel List* na ɗaure mataki na farko da Tambaya mai 1., na biyu da Reshe mai (a), na uku da Ƙaramin Reshe mai (i). A nan ba a haɗa lambar uwa da ta 'ya, don haka ba ruwanka da *Include level number from*. Kowace sabuwar tambaya, reshenta zai koma (a) da kansa. Na kundin ƙungiya ma haka ne, sai dai sunayen su zama Sashe da Ƙaramin Sashe, kuma a buga "Sashe na" a gaban lambar mai inuwa.

Haruffan da Word ke jerawa na Turanci ne. Bayan b sai c, babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ, kuma in jerin ya yi tsawo za ka ci karo da p da q. Wani malamin Hausa ya taɓa tsayawa a kaina kan wannan, na ce masa mu koma lamba, muka rabu lafiya. Makarantun Islamiyya sun fi sa'a: in aka ƙara Larabci cikin harsunan Office ta *Options* da *Language*, jerin haruffan Larabci yana fitowa cikin siffofin lamba, har da tsarin abjad.

Idan abu ya karkace

Lamba guda ta yi kauri ko ta yi ja, 'yan uwanta kuwa lafiya. Lambar tana ɗaukar kamanninta ne daga alamar ¶ da ke ƙarshen sakin layin. Wani ya haskaka layin har da alamar ya kaurara shi. Haskaka alamar ita kaɗai, danna Ctrl da maɓallin tazara, lambar za ta dawo hayyacinta.

Daga 1 zuwa 9 rubutu a jere, da aka kai 10, ko 100, ko viii, sai ya yi tsalle can ciki. Lambar ce ta fi gurbin da ka ba ta faɗi. Ƙara *Text indent at*, ko kuma ka mayar da *Number alignment* zuwa *Right*, wanda ya fi dacewa da lambobin Romawa tunda faɗinsu ba ɗaya ba ne.

Layi guda ya ƙi tsayawa inda sauran suke. An ja shi da hannu. Ctrl da Q yana cire duk awon da aka ɗora a kan sakin layi, ya mayar da shi ga na salonsa.

Kana son ƙarin bayani a ƙarƙashin lamba ta 3 ba tare da ya zama ta 4 ba. Mutane sukan danna Shift da Enter, kuma yana yi, amma in rubutun an daidaita shi gefe da gefe kamar yadda ake yi wa furojet, sai ka ga kalmomi uku sun baje sun cike layi kamar haƙoran tsoho. Akwai salon da aka yi don wannan, *List Continue*. Yana tsayawa a ciki, ba ya ɗaukar lamba, kuma jerin zai ci gaba bayansa.

Sai abin da ya ci ni a kundin dattijon nan. Ko lambobinka duk masu rai ne, "duba sashe na 12" da ka buga da hannu a cikin jimla matacciya ce. Idan ka zo wurin, tsaya, je *References*, *Cross-reference*, a *Reference type* zaɓi *Numbered item*, a ɗaya akwatin *Paragraph number*, ka danna sashen da kake nufi daga jerin. In kana nuni ne ga ƙaramin sashe kana son ya fito da lambar uwarsa, wato 14(2) ba (2) kawai ba, ɗauki mai *full context*. Waɗannan ba sa gyara kansu nan take kamar lambobin jeri. Sai ka danna Ctrl da A, sannan F9. A kwamfutocin shagona duka na sa alama a *Update fields before printing* da ke *Options*, *Display*, saboda na san halin mantuwa ranar da shago ya cika. In aka goge sashen da ake nuni gare shi gaba ɗaya, Word zai rubuta *Error! Reference source not found* da baƙin rubutu mai kauri. Muni gare shi, amma ya fi a kori mutum da sashen gudummawar rasuwa. Kafin bugu nakan nemi kalmar *Error* da Ctrl da F.

Fayil ɗin da wani ya fara

Yawancin abin da ake kawo mana ba daga farko muke fara shi ba. Ɗalibi zai zo da filashi, babi na ɗaya an buga shi a Kawo, na biyu a wayarsa, na uku ƙanwarsa ce ta buga a Zariya, na huɗu an kwafo rabinsa daga furojet ɗin wani. Kowanne da irin lambarsa. Na daina ƙoƙarin lallaɓa irin wannan. Ina buɗe samfurina mai tsabta, in kwafo rubutun, in manna shi da *Keep Text Only*, wato ya shigo tsirara ba tare da tufafin gidan da ya fito ba. Tebura da hotuna daban nake ɗauko su. Sannan in bi in sanya salo, in goge tsofaffin lambobin. In ka manta ba ka goge ba za ka ga "1.2 1.2 Manufar Bincike", tsohuwa da sabuwa a jere. Inda tsofaffin suke a layi ɗaya daga sama zuwa ƙasa, riƙe Alt ka ja maus, za ka iya haskaka su a tsaye kamar ginshiƙi ka share su a bugu guda.

Wata ɗaliba ta taɓa ce min, "Kawu, ni fa lamba biyu kawai za ka gyara min, me ya kawo wannan dogon aikin?" Na ce mata, "'Yata, malaminki sau nawa ya dawo miki da shi?" Ta ce sau uku. Na ce to akwai na huɗu. Kuɗin gyaran fayil da aka jera da hannu daban yake a shagona, kuma tun kafin in taɓa shi nake faɗa, don ba a fafe gora ranar tafiya.

Samfurin da na ambata ba wani abu ba ne illa takarda marar rubutu da aka gama yi wa duk wannan saitin, aka adana ta da *Save As* a matsayin *Word Template*, mai ƙarewa da .dotx. In ka danna ta sau biyu, sabuwar takarda take buɗewa, ita kuma tana nan ba a taɓa ta ba. Guda uku gare ni, na furojet, na jarrabawa, na kundi, kuma akwai kwafinsu a filashin da ke maƙale da makullin shago.

Mai amfani da LibreOffice Writer, tunanin ɗaya ne, ƙofofin ne suka bambanta. F11 ke buɗe salo, akwai rukunin *List Styles* a ciki, lambobin kanu kuma suna ƙarƙashin *Tools*, inda sababbin ke cewa *Heading Numbering*, tsofaffin *Chapter Numbering* ko *Outline Numbering*. Matakansa goma ne, ba tara ba.

Waya kuwa a yi karatu da ita, a gyara kalma ɗaya ko biyu, amma ban da taɓa lambobi, domin manhajojin waya ba su da cikakkiyar tagar nan da muka yi aiki a ciki. Shi ya sa ranar da ɗalibi zai karɓi aikinsa nake saka masa fayil biyu a filashi. Na Word, wanda zai dawo da shi in malami ya sake jan biro. Da na PDF, wanda zai miƙa a duk shagon da zai buga, ko a Unguwar Rimi ne ko a Sabon Tasha, don shi ba ya motsi ko wace kwamfuta aka buɗe shi. Nakan rubuta ranar a jikin sunan kowanne, saboda bayan gyara na uku babu mai tuna wanne ne na ƙarshe.